Malamin Zane a Ajin da Babu Fenti: Jagora Tun Daga Ranar Farko

Duk wanda ya yi firamare a garuruwanmu ya san wannan darasi. Malam zai shigo, ya ɗauki alli ya zana mangwaro ko kofi a allo, ya juyo ya ce, "Kowa ya kwafa." Bayan rabin awa sai a tara littattafai saba'in, kowanne da mangwaro iri ɗaya, ganyensa guda yana kallon dama. Wanda nasa ya fi kama da na Malam ya samu tara bisa goma. Wanda hannunsa ya karkace kuwa ya tafi gida da tabbacin cewa shi bai iya zane ba, kuma har ya tsufa haka zai riƙa faɗa.

Ni ma da haka na fara, na kuma yi shekaru a kai kafin in gane cewa yaran nan ba su taɓa kallon mangwaro ba a darasina. Zanena suke kallo. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na koma bi daga baya, a makarantar gwamnati mai cunkoso, inda ba a ware wa darasin al'adu da fasaha, wato CCA, ko sisi ba. Da "ka" zan yi ta magana, amma Malama, ke ma da ke nake.

Mataki na farko: ka bar su su yi zane kafin ka koya musu komai

A makon farko kada ka taɓa allo. Raba takarda, ka ce kowa ya zana abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta yau. Ka tattara, ka tafi da su gida, ka baje a tabarma ka zauna kansu. Nan ne za ka san ajin da aka ba ka.

Wani masanin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, ya bayyana a littafinsa na 1947 cewa zanen yara yana bin matakai gwargwadon shekaru. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro kan yi ta zirga-zirga da fensir kawai. Daga 4 zuwa 7 sai siffofi su fara fitowa, mutum ya zama ƙaton kai da ƙafafu biyu. Daga 7 zuwa 9 yaro kan tsayar da tsarinsa, ya ja layi ɗaya a ƙasan takarda ya jera komai a kai, gida da bishiya da akuya. Daga 9 zuwa 12 kuma ido ya fara buɗewa, yaro ya fara ganin cewa abin da ya zana bai yi kama da abin da yake gani ba.

Kada ka riƙe shekarun nan kamar karatun sallah, don za ka tarar da ɗan shekara goma da bai taɓa riƙe fensirin kala ba, hannunsa yana can baya. Amfanin sanin matakan biyu ne. Na ɗaya, ba za ka gyara wa ɗan aji ɗaya zane don ya yi uwarsa ta fi gida tsawo ba. A ransa ta fi gidan girma, gaskiyarsa ya zana. Na biyu, za ka san inda haɗarin yake, wato aji huɗu zuwa shida. A nan yara suke fara cewa "Malam, ban iya ba," suna rufe takarda da hannu idan ka matso. Ƙanana wuri da kayan aiki kawai suke so daga gare ka. Waɗannan manyan su ne masu buƙatar a nuna musu dabara, in ba haka ba su ajiye fensir ke nan.

Ka lura kuma da abu biyu tun a makon. Bahagon yaro ka bar shi da hagunsa a wurin zane, ka zaunar da shi a bakin benci ta hagu don gwiwar hannunsa kada ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Idan kuma ka ga yaro yana rikita ja da kore kullum, kada ka ɗauka wasa ne ko taurin kai. Akwai waɗanda idonsu ba ya rarrabe launukan nan, kuma abin ya fi yawa a maza.

Mataki na biyu: ka gama da iyaye tun kafin su zo maka

Malamin zane a ƙasar Hausa ba zai kauce wa maganar surar abu mai rai ba. Akwai hadisai na hani a kai, malamai sun yi bayani, iyaye da yawa kuma suna riƙe da abin da gaske. Wata rana wani dattijo zai yi sallama a ƙofar ajinka da littafin ɗansa a hannu.

Kada ka mayar da kanka mai fatawa, kada kuma ka yi masa kallon wanda bai waye ba. Ka ba shi kujera, ka ce, "Baba, bismillah, bari in nuna maka abin da muke yi." Sai ka fito da aikin zangon: ganye, tulu, dagi, tambarin kuɓewa, adon hula. Abin da na gani shi ne yawancin iyaye tsoronsu bai wuce a tilasta wa yaro abin da gidansu ba su yarda da shi ba. Ni dokata ita ce ba na ɗora maki a kan zanen mutum ko dabba. Duk aikin da ya taɓo wannan, ina ba da zaɓi na biyu mai nauyi ɗaya. A aji mai gauraye, irin na Kaduna ko Jos, wannan ya fi zama dole, don wani gidan ba ruwansu da batun, wani kuma babban abu ne a wurinsu.

Kuma in ka duba da kyau, ba ka yi asarar komai ba. Fasahar da muka gada galibinta layi ne da siffa da maimaici. Dubi zayyanar da ake yi wa allo idan almajiri ya sauke Alƙur'ani, dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, dubi adon bangon gidajen cikin birnin Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, dubi ƙwaryar da aka ƙona wa zane da lallen amarya. Wannan kaɗai ya ishe ka manhajar shekara shida.

Hedimasta ma ka same shi da wuri. Abu ɗaya za ka roƙa: "Ranka ya daɗe, a haɗe mini darussana biyu su zo a jere." Minti 35 ko 40 ba ya isar aikin yumɓu ko rini. Idan an haɗe maka su, ka samu fiye da abin da kuɗi za su saya maka.

Mataki na uku: kayan aiki suna bayan ajinka

A nan zan daɗe, don nan ne malamai suke sarewa. Mai jiran a kawo masa fenti da buroshi daga ofis zai yi ritaya yana jira.

Fara da takarda. Tsohuwar kalanda bayanta fari ne tas, kuma tana da kauri. Kwalin taliya da na sabulu idan aka farke su sun fi takardar littafi ɗaukar ruwa. Masu shagon buga takardu suna zubar da waɗanda suka lalace ta fuska ɗaya; ka je ka gaisa da su, ka ce don yara ne. A farkon zango ka sa kowane yaro ya kawo kwali ɗaya. Kada ka ce a kawo kuɗi. Da zarar kuɗi sun shigo, rabin ajin sun fita, kai kuma ka shiga bakin mutane.

Baƙi shi ne mafi sauƙi. Gawayi mai laushi ya fi fensir koya wa yaro haske da inuwa, don ana murza shi da yatsa. Tawada kuwa kowane almajiri malaminka ne: a niƙa gawayi ya yi laushi, a jiƙa ƙaro ya narke, a haɗa. Ƙaron shi ne sirrin, shi ke riƙe launi a jikin takarda, kuma da shi za ka haɗa duk sauran. Alƙalamin kara da ake rubutun allo da shi yana fitar da siririn layi da kakkaura gwargwadon yadda aka juya bakinsa. Na sha ganin yaron da ke zuwa makarantar allo da yamma, wanda ba a jin muryarsa a darasin Turanci, ya zama shi ake zagayewa ranar da aka fito da tawada.

Launin ƙasa kuma ga yadda ake yi. A samo jar ƙasa da farar ƙasa, da duk wata mai launi da ke kusa. A daka, a tankaɗe, a zuba a ruwa a dama. A ɗan dakata yashi ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan saman mai kauri a wani kwano, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan da ya taso, laushin da ya rage a ƙasa shi ne fentinka. A zuba masa ruwan ƙaro kaɗan-kaɗan. Gwaji ɗaya ne: a shafa a kwali, idan ya bushe a goga yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro bai isa ba. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa.

Zoɓo da aka jiƙa da kauri yana ba da ja mai duhu, gangamau yana ba da rawaya. Ga wani abu da ke sa aji ya yi tsit: ka ɗiga ruwan kanwa a kan zoɓon, nan take ya juye zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore, ka matsa lemon tsami, jan ya ƙara haske. Gangamau kuma in ya haɗu da kanwa sai ya koma ja-ja. Malamin kimiyya zai so ya leƙo ranar. Sai dai ka gaya wa yara gaskiya, launin tsiro yana kodewa idan rana ta daɗe a kansa, na ƙasa ne mai zama.

Shuɗi na gaske shi ne mai wuya. Idan za ka kashe kuɗinka a kan abu ɗaya, sayi garin bula na wanki ko ƙaramin kwalbar shuɗin fenti, don sai da shi yara za su ga yadda shuɗi da rawaya ke haifar da kore, ja da shuɗi su haifar da shunayya. (Ina son in tsaya da yara a kan sunayen launi a bakinmu: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Bahaushe da abin da ya gani yake kiran launi. Ka ce su ƙirƙiro nasu, za ka ji "ruwan miyar kuka" kafin ka rufe baki.)

Buroshi: asuwaki da aka daddaka bakinsa, ko gashin kaza, ko tsumma da aka ɗaure a tsinke. Gam: garin rogo ko sitati da aka dama da tafasasshen ruwa, amma a yi na yini ɗaya, don yana tsami. Murafen robar ruwa su ne kwanukan fenti.

Yumɓu ka tambayi masu ginin tukwane inda suke ɗebowa. Ka murza shi kamar igiya ka naɗe a yatsa. In ya karye, yashi ya yi masa yawa, in yana manne wa hannu yana kuma tsagewa wajen bushewa, a ƙara masa yashi mai laushi ko dakakken tsingaro. A inuwa ake shanya aikin, kuma da hunturu a lulluɓe shi da leda ya bushe a hankali, in ba haka ba da safe ka tarar da komai ya dare.

Wuƙa da reza hannunka kaɗai. Haka sinadaran rini na kasuwa, musamman soda mai cin fata: kai za ka haɗa, a waje, da safar hannu, yara suna nesa. Su aikinsu ɗauri da zare ne da kwancewa.

Mataki na huɗu: yadda darasi ɗaya yake tafiya

Mu ɗauki aji biyar, darasin zanen buta, minti 40.

Kafin a buga ƙararrawa ka riga ka raba ajin rukuni-rukuni, kamar mutum takwas-takwas, kowane rukuni da shugabansa mai karɓar kaya da mayarwa. Wannan rabon sau ɗaya ake yinsa a zango. Idan kai za ka bi yara saba'in kana miƙa takarda, lokacin ya ƙare kafin a fara. Kowane rukuni a ajiye musu buta ɗaya a tsakiya, a kan benci ko a ƙasa. Buta ɗaya a teburin Malam ba ta wadatar da na baya.

Minti biyar na farko ba mai taɓa fensir. Kallo ake yi, kai kuma kana tambaya. Tsawonta da faɗinta, wanne ya fi? Bakin butar daga ina ya fito, daga ciki ko daga wuya? Daga inda kake zaune, kana ganin hannunta duka ko rabi? Ramin da ke tsakanin hannun da jikin, wace siffa gare shi? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da albarka, don yaro ya san kamannin buta a kansa, kuma abin da ke kansa yake zanawa, amma bai taɓa haddace siffar ramin ba, dole ya duba.

Sannan ka nuna dabara guda ɗaya tak. Yau awo ne: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a daidaita kan fensir da saman butar, a sa babban yatsa a inda gindinta ya tsaya, sai a kwantar da fensirin a ga faɗin sau nawa zai shiga tsawon. Ka nuna a allo cikin minti biyu, sannan ka goge. Gogewar nan wajibi ce. In ka bar zanenka a allo, duk kawunan za su bar butar su koma kansa, ka dawo gidan jiya.

Minti ashirin na aiki. Ka hana abin goge fensir a goman farko, ka ce a fara da layi mara nauyi, in an yi kuskure a ja daidai a gefensa a wuce. Akwai yaran da in ka bar su, gogewa za su yi ta yi har takarda ta huje. Kai kuma zagayawa za ka yi, kana farawa da na baya da na lungu. Kada ka zana a takardar yaro ko da ya roƙe ka. Ka riƙe 'yar takarda a aljihu, ka nuna masa a kanta, ka tafi da abarka. Ranar da ka gyara masa da hannunka, zanen ya tashi daga nasa, shi ma ya sani.

Masu gamawa cikin minti uku suna nan a kowane aji. "Malam, na gama!" Ka ce, "Madalla. Ta ina haske yake shigo mata? Nuna mini gefen da ya fi duhu." Ko ka sa shi ya koma ɗaya gefen ya sake.

Bayan nan a ɗauki minti biyar a baje aikin duka a ƙasa ko a jingina a bango, a zagaya. Yara za su ga buta takwas daga rukuni ɗaya, kowacce daban, don kowa daga wurinsa ya kalla, kuma duk daidai ne. Sauran mintunan na shara da wankin hannu ne. Kada ka bar wa malamin da zai shigo bayanka aji kaca-kaca. Gabar da ake yi da malamin zane a ɗakin malamai yawanci daga nan take farawa.

Mataki na biyar: jeren zango

Manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tsara ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya, don haka makonnin zane ba su da yawa, sai ka yi tattalinsu. Ni nakan fara da layi da maimaici, in bi da kallo da zanawa, sannan launi, in rufe da abin da ake ginawa da hannu.

A makonnin layi, dagi ne babban malami. A ɗiga ɗigo a jere kamar gidan dara, a bi tsakaninsu da layi, wannan ya hau, wancan ya shige ƙarƙashi. Yaro yana koyon ƙirga da daidaito da haƙuri a lokaci guda. A bi da tambari: kuɓewa da aka yanka a gicciye tana buga fure, dankali da tsohon silifa kuma kai za ka sassaƙa musu siffa. Ka sa su kawo hula ko zanen gado ko murfin kwano daga gida su nemo inda adon yake maimaita kansa.

Ranar yumɓu ina fara ta da takardar naira 20. A bayanta akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya. Matar nan a ƙauyen Kwali ta koyi sana'ar a hannun 'yar'uwar iyayenta, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ta zama mace ta farko a wurin. Tukwanenta sun je Turai da Amurka, ta rasu a 1984. 'Yan mata sukan gyara zama idan suka ji haka, musamman waɗanda iyayensu mata ke wannan sana'a suna jin kunyar faɗa.

Sau ɗaya a shekara ka fitar da su. Na Kano ga marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ga Gidan Makama. Na Jos ga gidan tarihin da aka buɗe a 1952, inda kayan yumɓun Nok suke. Na Zariya ga aikin magini Babban Gwani Muhammadu Durugu a tsohon masallacin Juma'a. In babu kuɗin mota, baduku ko maɗinkin hula na bakin kasuwa ya isa, ko ka gayyato shi aji. Ka kai masa goro, ka gabatar da shi da sunan malam, don ranar shi ne malamin.

Mataki na shida: baki da maki

"Ya yi kyau" ba ta koya wa yaro komai, "wannan mene ne?" kuma tana kashe masa gwiwa. Ga ƙarami ka ce, "Ba ni labarin wannan." Ga babba ka ambaci abin da ka gani takamaimai: "Na ga ka lura bakin butar ya fi wuyanta tsawo." Kada ka ɗaga aikin yaro ɗaya kullum. Kowane aji yana da gwaninsa, kowa ya san shi, in ka ƙara masa da naka yabon sauran sai su sallama masa darasin. Bulala kuwa ba ta da wurin zama a nan. Hannun da ke rawa don tsoro ba ya jan layi.

Maki dole ne, tunda akwai takardar sakamako. Ka raba goman gida huɗu ka rubuta a bango kowa ya gani: uku na lura, uku na amfani da dabarar da aka koya, biyu na ƙarasa aiki, biyu na abin da yaro ya ƙaro daga kansa. Kowane yaro ya naɗe kwali ya zama jakarsa, a rubuta suna da kwanan wata a bayan kowane aiki. A ƙarshen zango ka ajiye aikinsa na farko kusa da na ƙarshe. Da kansa za ka gwada shi, kuma wannan jakar ce amsarka idan uba ko jami'in duba makarantu ya tambayi dalilin makin.

Mataki na bakwai: kai fa, Malam?

Malamin zane yakan zama shi kaɗai a makarantarsa, ba wanda zai duba aikinsa ya ce ga gyara. Shekara biyar sai ta wuce bai zana komai ba sai jadawalin darussa da allon sanarwa, don da an san kana da hannu, duk rubutun makaranta ya dawo kanka. Ka taimaka, amma ka sa iyaka. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa zana abu ɗaya kullum, ko na minti goma ne, a tasha ko a layin banki. Duk aikin da za ka ba yara kuma ka fara yinsa da irin kayan da za su yi amfani da su. A nan za ka gano cewa kwalin yana shan ruwa ko gam ɗin bai kama ba. Bayan kowane darasi ka rubuta layi biyu: me ya tafi daidai, a ina aka watse. Baɗi wannan littafin zai fi maka kowane littafin koyarwa amfani.

Ta fuskar takardu, NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, kuma ita ce lasisinka, kada ka yi wasa da ita. Mai NCE ya nemi digiri, ko ta karatun hutu ne. Wanda ya karanta zane zalla ba tare da fannin koyarwa ba ya yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana yinta ta karatu daga nesa, ba sai ka bar aiki ba. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana da tarihin da ya kamata ka sani: a Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da fasahar gida maimakon a kwafi Turai kawai. Lokacin da ɗaliban sashen ke baje aikin kammala karatu, ka yi ƙoƙari ka je ka ba idonka abinci. Akwai kuma Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya, SNA, mai rassa a jihohi.

Amma abin da ya fi canza koyarwata bai zo da takardar shaida ba. Wani hutu na yi makonni ina zama a rumfar wani baduku, ina kallon yadda yake koya wa yaransa. Ba ya dogon bayani. Yakan yi abu sau ɗaya a hankali, ya miƙa wa yaro guntun fatar da ba a jin asararta, ya ci gaba da aikinsa yana satar kallo. Daga wurinsa na koyi rage surutu.

Ka nemi malaman zane na makarantun da ke kusa, ko ku huɗu ne. Ku buɗe zaure a WhatsApp, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, kowa ya zo da aikin ajinsa, har da wanda ya lalace, don shi ya fi koyarwa. Ku riƙa shiga ajin juna. Ka riƙa ɗaukar hoton aikin yara da waya kana adanawa zango-zango, ranar neman ƙarin girma ko gurbin karatu za ka ga amfaninsa. In za ka sa a intanet, aikin za ka sa, ban da fuskar yaro da cikakken sunansa, sai da izinin iyaye.

Ranar rabon sakamako kuma ka yi baje koli. Igiyar shanya biyu a baranda da 'yan maƙalan kaya sun isa. Kowane yaro aikinsa ɗaya ya hau igiya, shi zai zaɓa, ba kai ba, sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ka sa yara biyu a bakin baranda su riƙa yi wa iyaye jagora, ka ajiye kwanon tawada da alƙaluman kara da kwali a kan tebur don duk uban da hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ka gayyaci shugaban kwamitin makaranta da mai unguwa tun ana saura mako, hedimasta kuma ka bar shi ya buɗe taron. Idan za ka roƙi kabad mai makulli na ajiye kayan zango mai zuwa, a ranar za ka roƙa, yana tsaye a gaban igiyar.